Akushin Magini

A gidanmu na Hausari akwai wani akushi da ba a zuba wa kowa abinci a cikinsa sai mai aiki. Baƙi ne wuluk, bakinsa ya taɓa tsagewa an ɗinke da waya, kuma a ɗakin Iya yake zama, a rataye jikin azara. Tun ina yaro na san in an sauko da shi, to yau akwai wanda zai taɓa jikin gidan, ko kafinta, ko mai yasar rijiya, ko magini. Mahaifinmu dillali ne a Kasuwar Shanu, mutum mai gaggawa wanda ko gaisuwa a tafe yake amsawa, amma ranar da aka sauko da akushin nan ba ya zuwa ko'ina sai an ci. Zai shimfiɗa tabarma a zaure, ya zuba wa mai aikin ruwa a hannu da kansa, su zauna su sa hannu tare. Mu yara ba ma kusantar wurin. Muna dai jiyo murya ƙasa-ƙasa, wani lokaci dariya, wani lokaci shiru mai tsawo.

Ni na ɗauka karamci ne kawai irin na mutanen da, waɗanda ba sa duba agogo. Har na haura arba'in ina kan wannan ɗaukar.

Da Baba ya rasu gidan ya dawo hannuna. Ina aiki a wani ofis a Damagum, kullum ina kan hanya safe da yamma, kuma da na ɗan samu sarari sai na yi abin da kowane ɗan boko yake yi don a san ya kawo ƙarfi. Na gina ciki da falo na bulo a tsakar gida, na yi rufin kwano mai kala, na shimfiɗa tayil. Matasa ne suka yi aikin, ba wanda ya nemi akushi a cikinsu. Azahar na yi suke hawa babur su je su ci shinkafa da wake su dawo. Fili ya yi mana kaɗan, don haka ginin ya matso jikin ɗakin Iya, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Duk wanda ya shigo sai ya ce gida ya yi kyau, ni kuma in yi ta murmushi kamar ni na ɗora bulon.

Na yi wa Iya tayin ɗaki ɗaya a ciki, ta ce ta gode. Nata soro ne na ƙasa, mai kauri, wanda ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa. A nan ta haife mu duka, a nan Baba ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Idonta ya riga ya tafi a lokacin, sai dai ta bambance haske da duhu, amma a cikin ɗakin nan ba ta laluben komai. Ta san taku nawa ne daga gado zuwa ƙofa, ta san inda buta take, ta san alkukin da take ajiye carbi. Magana ɗaya ta yi mini, ba ta sake ba.

"Nan aka kawo ni, daga nan za a fitar da ni."

Ba ta taɓa roƙona komai ba a rayuwa, ko atamfa. Wannan ne kaɗai.

Damina biyu bayan gama ginina, bangon ɗakinta na yamma ya tsage. Ita ta fara ganewa, da tafin hannu. Ta ce a kira maginin gidan nan. Ba ta ce a kira magini ba, ta ce maginin gidan nan, don mutum ɗaya ne. Dattijo ne mutumin Karekare, wanda ya gina ɗakin tare da mahaifinsa tun yana saurayi, kuma duk yaɓen da aka taɓa yi masa hannunsa ne. Baba Magini muke ce masa. Hausarsa takan mai da mace namiji, namiji mace, mu yara mu yi ta kwaikwayonsa a bayan ido, amma bango bai taɓa yi masa gardama ba.

Ranar Alhamis ya zo a kan keke, da cebur da kwanon sarki a ɗaure a baya. Shi kaɗai, ya ce 'yan yanzu ba sa son taka laka. Na ɗauki hutun ranar saboda shi, wannan dai a rubuta mini. Ya durƙusa a ƙofar Iya suka gaisa, tana ta yi masa lale, suka tambayi juna waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage. Sannan ya zagaya bayan ɗakin. Na nuna masa tsagar, bai ko kalle ta sosai ba. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon bakin rufina, ya sunkuya ya kalli ƙasa, ya sa babban yatsan ƙafa ya tona gindin bangon.

Na ce, "Yaya, Baba? Za ta rufu?"

Ya ce, "Sai mun zauna, ɗana."

Na zaci maganar lada yake nufi, na ce duk yadda ya ce haka za a yi, ya fara kawai. Ya dube ni ɗan jim, ya tuɓe riga ya shiga kwaɓa ƙasa.

Tun safe Iya ta sa matata ta sauko da akushin. Iya ta zauna a bakin murhu tana ba da umarni, aka yi burabusko da miyar kuɓewa busasshiya, aka kwarara man shanu. Shi ne girkin da Baba Magini yake so, Iya ba ta manta ba. Na leƙa kicin na ga akushin nan da wayarsa, duk ya sha hayaƙi, sai kunya ta kama ni. Na ce a raina, dattijo kamar wannan, a gidan da ke da farantan tangaran, a miƙa masa wannan tsohon katako? Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne ba rowa na yi ba. Da rowa ce da na san sunan laifina. Ni a ganina girmama shi nake yi.

Na yi wa matata raɗa, ta juye abincin a sabuwar kula. Na fito da kujerar roba da ɗan tebur na kai inuwar bishiyar maina a ƙofar gida, na jera faranti da cokali, na ɗauko lemon kwalba mai sanyi daga firji. Na tsaya na kalli shirin nan, ya yi mini kyau. Na kira shi ya wanke hannu da ƙafa ya fito. Ya kalli kujerar, ya waiwaya ya kalli zaure, inda tabarma take a naɗe a jingine.

Ya ce, "Kai fa?"

Na ce, "Ni na ci, Baba. Ka ci abinka, kada in takura maka."

Ban ci ba. Na shige falo na kunna fanka, na ci nawa ina latsa waya, ina ganin na ba shi sarari ya sake yadda yake so. Da na fito har ya koma kan aiki. Matata ta ce mini cokali biyu kawai ya yi ya rufe, lemon ma bai buɗe ba, ruwan randa ya roƙa. Na ce tsofaffi dama ba sa cin abinci da yawa.

Da la'asar na shiga gaida Iya.

Ta ce, "Kun ci?"

Na ce, "Mun ci."

"Me ya ce?"

Tambayar ta ba ni mamaki. Me zai ce, ban da an gode? Na ce mata ya ce ba komai, tsaga ce kawai. Ta yi hamdala, ta ce to tunda shi ya faɗa. Na yi wa makauniyar uwata ƙarya biyu a jere ban ji ko ɗar ba, don a lokacin ban ɗauke su ƙarya ba, na ɗauke su gajerce zance.

Washegari ina fito da mota na tarar da shi a ƙofa, ya jingine kekensa yana jirana.

"Ɗana, yau za ka dawo da rana?"

Na ce da wuya, aiki ya taru. In akwai abin da ake buƙata ya faɗa wa matar gidan, ko ya kira ni a waya.

Ya ce, "Ba maganar waya ba ne."

Na ce to gobe Asabar, ina gida. Asabar ɗin kuma ta zo da ɗaurin auren ɗan wani abokin aikina. Na ce zan leƙa in dawo, aka riƙe mu da shinkafa da hira har bayan la'asar. A ranakun nan biyu duk matata ta zuba masa a kula, don haka na ce a riƙa yi, shi kuma yana yin cokali biyunsa ya rufe. Da na dawo na tarar ya gama. Bangon ya yi sumul, ya bi shi da zanen yatsu irin wanda yake yi tun muna yara, ba ka ce ya taɓa tsagewa ba. Yana ɗaure ceburinsa a keke.

Ya ce, "Yallaɓai, na rufe abin da ka ce in rufe."

Yallaɓai. Mutumin da ya taɓa ɗaga ni ya ɗora a kan jakin ɗiban ƙasa. Na ji kalmar, har na ɗan ji daɗinta, wautata ta kai nan. Ya hau keke, ya sake sauke ƙafa ɗaya ya ce in na samu zama in neme shi, akwai magana. Na ce in sha Allahu. Daga baya matata ta ce ya ja ta gefe ya ce in aka kwana biyu ana ruwa kada ta bar Hajiya a ɗakin nan, ko da za ta yi faɗa. Na yi dariya na ce ashe shi ma bai yarda da aikinsa ba.

Ban neme shi ba. Ba ƙi na yi ba, kullum ina cewa wannan makon.

Damina ta yi tsakiya, aka samu wani ruwa da ya yi kwana uku bai ɗauke ba, yana sassautawa yana dawowa. A rana ta uku ina kan hanyar dawowa daga Damagum da la'asar matata ta kira. Abin da ta fara cewa shi ne Iya lafiya lau take, daga nan na san sauran. Tun azahar matar tawa ta ji ƙasa tana zuba daga rufin ɗakin Iya, ta tuna maganar dattijon, ta yi ta lallashi Iya ta ƙi, ƙarshe ta goya ta kamar jaririya ta kai ta falo, Iya tana cewa Allah ya isa. Ba su yi rabin awa da fita ba bangon ya zauna.

Na shigo gida ban ko kashe motar ba. Bangon yamma babu shi, azara sun sunkuyo ciki, gadon Iya yana ƙarƙashin laka, ƙafarsa ɗaya ce kawai a waje. Na tsaya cikin ruwan ina kallo. A nan ne na ga abin da Baba Magini ya ɗaga kai ya gani tun ranar farko. Duk ruwan da ya sauka a kan rufina mai kala wuri ɗaya yake taruwa, ya zubo kamar igiya, daidai inda gindin bangon yake. Har ya haƙa rami. Damina uku yana wannan aikin, ni kuma duk lokacin da ake ruwa ina cikin falo, ban taɓa zagayawa na duba ba. Ba wanda ya faɗa mini komai, kuma ban buƙaci a faɗa ba.

Iya ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin kujerar falo, ƙafafunta ba sa son taɓa tayil, ta ce a kira magini.

Akushin ya tsira, don tun ranar da aka sauko da shi yake kife a kicin. Na sa aka yi burabusko, na zuba a ciki da hannuna, na ɗaure da ƙyalle na tafi gidan Baba Magini. Na same shi a zaure a jingine da bango, ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum, ya ce tun farkon damina ya daina taka su. Labari ya riga ni isa. Ya tambayi Hajiya, na ce tana nan. Ya ga abin da na ajiye, ya kai hannu ya shafa wayar da ke bakinsa, ya ce shi ya ɗinke ta.

Na zuba masa ruwa a hannu, na wanke nawa, muka sa hannu. Sai da muka yi loma uku ko huɗu sannan ya fara, a hankali, idonsa a kan abincin.

"Rufinka ce ta kashe ɗakin. Indararo ɗaya ake buƙata, a juya ruwa ya bi kwata. Aikin wuni guda, kafinta ma zai yi."

Na ce na gani.

Ya ce, "Ba a faɗa wa mutum aibin gidansa a tsaye. Wanda yake tsaye musu zai yi, ya ce tsoho yana hassada da ginin zamani, ya juya ya tafi. Ba a kuma faɗa a gaban iyalinsa. Amma in hannunku yana cikin akushi ɗaya, ba ya tashi sai ya ji ƙarshe, in ya ji haushi ya haɗiye da loma. Haka muka yi da mahaifinka shekara da shekaru. Na taɓa ce masa ya rushe rumbun da ya gina da hannunsa, ya rushe."

Sai a lokacin na gane shirun nan mai tsawo da muke jiyowa daga zaure muna yara. Na kuma gane tambayar Iya. Raina ya ɓaci, kuma da yake ɓacin rai ba ya son zama a kan mai shi, sai na juya masa.

"Amma Baba, rai ne fa a ciki. Da ka faɗa ko a tsaye. Ko da zan yi musu."

Bai yi fushi ba. Ya cire hannu daga akushin ya riƙe shi a sama, man shanu yana bin yatsunsa.

"Na yi wannan tunani. Tun da na ji labari ba abin da nake yi sai shi. Sau uku maganar tana zuwa bakina, ta ƙi fita. Ban iya ta wata hanya ba, ɗana. Ni ma Allah zai tambaye ni."

Da ya yi mini gori da ya fi mini sauƙi. Muka zauna mu biyu, kowa da rabonsa, abincin ya huce ba wanda ya sake taɓawa. Na ce in ya warke zai tayar mana da ɗakin. Ya kalli ƙafafunsa. Na ce to wa zai iya? Ya fara lissafo abokan aikinsa, wannan ya rasu, wancan ya makance, wani ya koma tuƙa Keke Napep. 'Ya'yansa biyu magina ne, amma bulo suka sani. Ya ce ko na samu mai kwaɓa ƙasa, wa zai ɗora azara ta zauna, kuma ina giginyar da za a tsago ta?

Na yi yawo duk da haka. Na shiga ƙauyuka, na tambayi masu kawo shanu kasuwa ranar Laraba. Wasu suka yi mini dariya, wai Alhaji da motarsa yana neman ginin ƙasa. Wani ya zo ya ɗaga bango har kafaɗa, kafin ya bushe ya dare gida biyu, ya ce ƙasar ce ba ta da kyau. Na kwashe ɓaraguzan, na jingine azarorin a bayan gida, gara ta same su. Indararon kuwa na sa, tun a makon. Wuni guda aka yi, kamar yadda ya ce. Yana aiki sosai, ruwa yana bin kwata ya fita titi, ba ya taɓa komai.

Iya tana ɗakin da na yi mata tayi tun farko. Ba ta taɓa kiransa ɗakinta ba, masauki take cewa. Ta buga goshi a ƙofar banɗaki sau biyu, ta zame a tayil sau ɗaya, daga nan ta daina tashi sai an riƙe ta. Matar da take share ɗakinta da kanta ba ido, yanzu buta ma sai an miƙa mata. In ana ruwa ƙarar kwano tana firgita ta, sai ta toshe kunne da mayafi. Ta ƙi yarda a kwance ƙullin kayan da aka tono mata daga laka, wai ba daɗewa za ta yi ba. Carbinta a ƙarƙashin filo yake, don babu alkuki a bangon siminti. Ina kallonta tana ƙanƙancewa, kuma na san daga ɗakin da za a fitar da ita.

Baba Magini ya rasu da rani. Na je jana'iza, na dawo ban faɗa mata ba. Matata ta ce in faɗa, na ce gobe. An fi shekara ke nan.

Duk ranar Asabar Iya takan ce a yi burabusko a zuba a akushi, magini zai zo duba wurin. Matata takan yi. Nakan ɗauka in kai zaure, in shimfiɗa tabarma, in wanke hannu. Ta gefena kawai nake ci, ɗaya gefen in bar shi yadda yake. Ba na jin ɗanɗanonsa, amma nakan zauna har ya huce, don kada ta ji na dawo da wuri. Sannan in shiga wajenta.

"Kun ci?"

"Mun ci, Iya."

"Me ya ce?"

"Ya ce sai ƙasa ta ƙara bushewa."

Takan gyaɗa kai, ta kai hannu ta taɓa ƙullin kayanta, ta ce to tunda shi ya faɗa.